Gidauniyar Gidan Tarihin Halittu: Abin da Ya Kamata Mutanen Diggi da Ƙasar Gwandu Su Sani

Babu mutumin Diggi, ko na Kalgo, ko na cikin garin Gwandu da za a tsaya yi wa bayanin taron ƙaddamar da gidauniya. Idan rufin masallacin Juma'a ya fara yoyo, ko ajujuwan Islamiyya suka yi wa yara kaɗan, ko ana son ƙara ɗakin haihuwa a asibitin gari, sai a buga katin gayyata, a naɗa uban taro da babban mai ƙaddamarwa, a kafa rumfuna, mai gabatarwa ya riƙe lasifika yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Abin da kunnenmu bai saba ji ba shi ne a ce an tara jama'a haka saboda duwatsu da ƙasusuwa da busassun ganyaye da kifin da aka tsoma a kwalba. To amma a ƙasashe da yawa irin wannan taro na cikin abubuwan da ke riƙe da gidajen tarihin halittu, har akwai ƙungiyoyin da ba su da wani aiki sai shirya shi duk shekara.

Gidajen tarihin da muka fi sani a nan na sarauta ne da yaƙi da sana'a. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda gininsa ya samo asali tun 1831 kuma aka buɗe shi ga jama'a a 1958, yana nuna masu da sulke da tambura da kayan su. Gidan tarihin halittu wani abu ne daban. Shi aikinsa tattara abin da Allah ya halitta a ƙasa da ruwa: duwatsu da ma'adinai, tsirrai, ƙwari, tsuntsaye, kifaye, macizai, da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin a yi ɗan Adam, waɗanda daɗewa a ƙasa ta mayar da su dutse. Abin da mai ziyara yake gani a zaure ɗan kaɗan ne. Mafi yawa yana can ɗakunan ajiya cikin durowa da kwalabe, kowane abu da takardarsa: mene ne, a ina aka samo shi, yaushe, wa ya samo. Na Landan, wanda aka buɗe gininsa a 1881, yana riƙe da abubuwa wajen miliyan 80. Idan wani baƙon ƙwaro ya faɗa wa shinkafa a fadama, irin wannan ajiya ce masani zai duba ya gane ko sabon zuwa ne ko kuwa tsohon abokin gaba ne da aka manta da shi.

Tekun da ya taɓa kwanciya a nan

Masana ƙasa da duwatsu sun raba cikin ƙasar Sakkwato da Kebbi zuwa shimfiɗu, wata kan wata, kuma kowace sun ba ta sunan garin da ta fi bayyana. Ta can sama, wadda ta rufe mafi yawan ƙasar Birnin Kebbi da Kalgo da Argungu, sunan Gwandu suka ba ta. Yashi ne da yumɓu, da marmara a kanta, abin da ya sa tuddan yankin suke da kai a baje. A cikinta ne ruwan da rijiyoyin burtsatse da yawa ke kaiwa gare shi yake kwance, kuma a wasu wurare masu kwari ruwan yakan taso da kansa idan an huda. Duk ɗalibin ilmin ƙasa a Najeriya ya san wannan suna, ko da bai taɓa taka Gwandu ba.

Ƙarƙashinta akwai shimfiɗun da suka girme ta, waɗanda suka fito fili idan aka yi gabas: ta Kalambaina, ta Dange, ta Wurno, ta Dukamaje, ta Taloka. Waɗannan su ne shaidar cewa, a ƙiyasin masana, wajen shekara miliyan 55 zuwa 70 da suka wuce wani teku marar zurfi ya sha ratsa Sahara ya kwanta a wannan yanki. Farin dutsen da kamfanin siminti yake haƙa a Kalambaina tun shekarun 1960 ragowar halittun wannan teku ne da suka taru suka daskare. Ana samun ɓawon kawa da katantanwa a cikinsa, a wajen Dange kuma ana tsintar haƙoran kifaye da gaɓoɓin ƙashin baya. Wato buhun simintin da aka yi wa wani shago daɓe da shi a kasuwar Diggi, idan na Sakkwato ne, daga gindin teku ya fito.

A 1930 wani masani Bature mai suna W. E. Swinton ya wallafa bayanin ƙasusuwan wasu dabbobi masu jan ciki da aka samo a Lardin Sakkwato. Cikinsu har da wani ƙaton ƙadangaren teku. Bayan shekara arba'in sai wasu masu bincike daga Jami'ar Florence ta Italiya suka zo suka samu ƙarin ƙasusuwansa a arewa maso gabashin Sakkwato, har da ƙoƙon kai, kuma a 1972 suka raɗa masa suna Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. A 1975 Beverly Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya bayyana wani tsohon kada daga wannan ƙasa ya kira shi Sokotosuchus. Sunayen garuruwanmu suna cikin littattafan kimiyya na duniya, amma yaron Goronyo da yake son ya ga kan dabbar da ta ci sunan garinsu sai ya nemi bizar Italiya.

Ba wannan kaɗai ba. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo daga sama a Zagami, cikin ƙasar Katsina, kusa da wani manomi a gonarsa. Daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya ɓalle. An yi ta yankarsa, kuma yau gutsattsarinsa suna warwatse a ɗakunan bincike da hannun masu tara irin waɗannan duwatsu a ƙasashe da dama.

Yana da sauƙi a ce Turawa sun kwashe, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai akwai wata gaskiyar da ba mu cika son ji ba. Kaya yana tafiya ne inda aka tanadar masa ɗaki da durowa da mai kula da albashin mai kula. Wannan kuwa duk kuɗi ne, kuma can ɗin ma ba gwamnati kaɗai take bayarwa ba.

Yadda suke tara kuɗin

Babbar cibiyar gidajen tarihi ta Amurka, Smithsonian, da wasiyyar mutum ɗaya aka kafa ta a 1846. James Smithson Baturen Ingila ne da bai taɓa zuwa Amurka ba, amma ya bar mata dukiyar da ta ɗan haura dala dubu 500, maƙudan kuɗi a wancan zamani. Tun daga nan abin ya zama al'ada a can: gwamnati takan riƙe gini da wani ɓangare na albashi, sannan a kafa wata ƙungiya mai zaman kanta a gefe, gidauniya ko ƙungiyar abokan gidan, wadda za ta riƙa nemo sauran. An raba su ne da gangan. Kuɗin da aka ba gidauniya ba ya shiga baitulmali balle ya ɓace cikin kasafi, kuma mai bayarwa yana iya gindaya sharaɗin abin da za a yi da shi.

Taron da ya fi suna shi ne liyafar dare ta shekara-shekara. A cikin gidan tarihin ake yin ta, a jera tebura a gindin ƙwarangwal ɗin dabbobin dā, domin baƙo ya ci abinci yana kallon abin da ake roƙonsa saboda shi. Tebur ake sayarwa sukutum: banki ko kamfani ko attajiri ya saya ya gayyato mutanensa. Farashin tebur ya ninka kuɗin abincin da ke kansa sau da yawa, kowa ya san haka, rarar ita ce gudummawar. A tsakiyar dare sai a yi gwanjon kayan da wasu suka bayar kyauta, zanen hannu ne, ko masauki a wani otal, ko damar bin masu bincike zuwa wurin tono. Wani lokaci kuma wani mai hali yakan miƙe ya ce duk abin da jama'a suka tara a daren, shi zai ba da daidai da shi. Wannan dabara tana da ƙarfi, domin mai ɗan abin hannu ya san dalarsa ɗaya ta zama biyu.

Abin da ya fi muhimmanci a nan, kuma wanda ya bambanta nasu da namu, ba ya fitowa a hoto. Kafin ranar liyafa an riga an karɓi mafi yawan kuɗin. Kwamiti yakan shafe watanni yana bin masu sayen tebur, yana neman kamfanin da zai ɗauki nauyin abinci da wanda zai biya makaɗa, don kada hidimar taro ta cinye abin da aka tara. Daren kansa na godiya ne da jawo sababbin hannu. Washegari kuma aiki bai ƙare ba, sai an rubuta wa kowane baƙo takardar godiya da rasit, bayan wasu watanni a aika masa da bayanin abin da kuɗinsa ya yi. A Amurka akwai ƙarin abin da ke zaburar da masu kuɗi, wato ana rage musu haraji gwargwadon abin da suka bayar, don haka kada a ɗauka duk tsabar son ilmi ne.

Ƙananan hanyoyi ma suna nan, kuma su ne suka fi ɗorewa. Iyali su sayi katin zama mamba na shekara, su riƙa shiga kyauta. Gidan tarihi na Landan, wanda shigarsa kyauta ce tun 2001, yana karɓar kuɗi daga iyayen da ke son yaransu su kwana a zauren ƙwarangwal, su zaga da tocila cikin dare. Wasu gidajen sukan ce mutum ya ɗauki nauyin tsuntsu ɗaya ko ƙashi ɗaya a sa sunansa a takardar. Mai babban kuɗi kuwa zaure guda ake sa wa sunansa.

Me wannan kuɗi ya taɓa saya? A ranar 4 ga Oktoba 1997 kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sa ƙwarangwal ɗin wani dainoso, wato ƙatuwar dabbar dā mai cin nama, da ake kira Sue a kasuwa. Gidan tarihin Field na Shikago ya san aljihunsa ba zai kai ba, sai ya haɗa kai da McDonald's da Disney da wasu masu bayarwa, aka saye shi a kan dala miliyan 8.36, ya zama abin kallon jama'a maimakon ya shige gidan wani attajiri. A jihar Karolina ta Arewa kuma, ƙungiyar abokan gidan tarihin kimiyyar halittu ta jihar ce ta tara dala miliyan 6 daga hannun masu zaman kansu ta sayi ƙasusuwan wasu dainoso biyu da aka samu binne tare a Montana, ta miƙa wa gidan. An sanar da cinikin a 2020, aka buɗe wa jama'a a 2024.

Sai dai wannan kasuwa tana da mugun gefe. A Yulin 2024 an sayar da ƙwarangwal guda a kan dala miliyan 44.6, farashin da babu liyafar da za ta iya tarawa. Kuma irin waɗannan alkaluma su ne ke tura 'yan fasa-ƙwauri cikin Sahara. A Yulin 2025 an yi gwanjon wani dutsen Mars mai nauyin kusan kilo 25, wanda aka tsinta a yankin Agadas a 2023, a kan sama da dala miliyan 5, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda aka yi ya fita daga ƙasar.

Na kusa da gida

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu nisa a wannan fanni. Gidan tarihin ƙasa na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, yana da rumfar dainoso, da gidan dabbobi, da masu sana'ar hannu da ke aiki suna sayarwa a harabarsa, kuma ranakun Sallah cika yake maƙil da yara. Daga Gadufawa cikin hamadar Tenere aka tono dainoso Ouranosaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus, wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Ba'amurken nan Paul Sereno na Jami'ar Shikago, wanda ya bayyana dainoso Nigersaurus mai haƙora wajen 500 a 1999, ya kafa gidauniya mai suna NigerHeritage da nufin gina gidajen tarihi biyu, ɗaya a Yamai ɗaya a Agadas, domin ƙasusuwan da aka fitar don bincike su samu inda za su dawo. Tafiyarsa ta 2022 kaɗai ta tono abin da ya kai tan 55. Dubi girman matsalar: kaya ya samu, ɗakin ajiye shi ake nema wa kuɗi.

A Najeriya misalin da ya fi fitowa fili shi ne gidan tarihin halittu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, wanda aka fara tun farkon shekarun 1970. Gininsa na dindindin ya daɗe a tsaye bai ƙaru ba, sai da gidauniyar Leventis ta sa hannu aka kammala shi. Iyalan Leventis ɗin ne kuma suka tsaya wa cibiyar binciken tsuntsaye da ke Laminga kusa da Jos. Ita kuwa Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wadda Cif S. L. Edu ya assasa a 1980, ta ɗauki salon can sosai: tana shirya liyafar tara kuɗi a Legas, da lacca ta shekara-shekara, da tattaki, kuma da tallafin kamfanin Chevron ta kafa gandunta na Lekki a 1990.

Inda kuɗin ya fi amfani

Mutane suna son su ba da kuɗin gini, domin gini ana ganinsa, ana yanka masa ƙyalle, ana manna masa allo mai suna. Amma sayen doki na rana ɗaya ne, harawa da dawa kuwa kullum ne. Gidan tarihin halittu yana cin kuɗi a wuraren da babu mai tafa wa wanda ya biya: sinadarin da ake ƙara wa kwalaben kifi idan ya ƙafe, maganin gara da ƙwarin da ke cin busasshen ganye da gashin tsuntsu, gyaran rufi kafin damina, wutar lantarki, da albashin wanda zai zauna yana rubuta takardun nan.

Abin da ya faru a Brazil ya isa darasi. Gidan tarihin ƙasar da ke Rio de Janeiro ya shekara 200, yana ɗauke da abubuwa wajen miliyan 20, amma an daɗe ana rage masa kuɗin gudanarwa. Har ta kai gara ta cinye dakalin da wani ƙwarangwal ɗin dainoso yake kai, aka rufe zauren, ma'aikata suka koma roƙon jama'a ta intanet don su gyara. Ranar 2 ga Satumba 2018 gobara ta tashi cikin dare ta lashe mafi yawan abin da ke ciki. Bayan gobarar gudummawa ta yi ta zuwa daga ko'ina. Da kaɗan daga cikinta ya zo kafin nan, a kan wayoyin wuta da bututun kashe gobara, da wani zancen ake yi.

Shi ya sa gidauniyoyin da suka san aikinsu ba sa kashe duk abin da suka tara. Sukan ware wani kaso su zuba a asusun dindindin, a juya shi, a riƙa cin riba kawai ana barin uwar kuɗi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Waƙafi ke nan, kuma malamanmu sun daɗe da rubuta hukunce-hukuncensa.

To mu fa?

Wani zai ce, ana fama da tsadar taki da rashin magani a asibiti da matsalar tsaro, wa yake ta duwatsu? Maganarsa tana kan hanya. Asibiti da ruwan sha suna gaba, kuma ba wanda ya ce a taɓa zakka, domin ita an riga an faɗi masu cin ta. Amma abin da ya dace da gari kamar Diggi ba katafaren gini ba ne. Ɗaki ɗaya ne mai rufi marar yoyo a makarantar sakandare, ko kuma wani sashe a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta kuma yana nan kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta zo, malaman ilmin halittu sukan shiga faɗi-tashin neman samfurin ƙashi da ƙwari da tsirrai da za a ajiye wa ɗalibai a kan tebur. Ɗalibi da yawa a ranar ce zai fara riƙe irin abin da ya shekara uku yana haddace sunansa.

Kayan da za a zuba a ɗakin ba sai an saya ba. Masunta sun san giwan ruwa da yauni da ƙarfasa da tarwaɗa da kurungu da mijirya da gaiwa, kuma tsofaffinsu za su iya faɗin wanda ya yi ƙaranci tun da aka datse ruwa a Bakolori da Goronyo. Manoman fadama suna da tsofaffin irin shinkafar gida masu jure ambaliya, waɗanda sababbin iri suke ta turewa gefe, kuma idan iri ya ɓace ba ya dawowa. Masu haƙar rijiya suna ratsa shimfiɗar Gwandu da hannunsu, suna iya kawo ƙasar kowane gaba a jera ta a kwalba daga sama har ruwa. Masu maganin gargajiya da makiyaya sun san tsirrai da sunayensu na Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. A ajiye kububuwa da kasa da gamsheƙa kusa da macizan da ba su da dafi, yaro ya koyi rarrabewa kafin ya gamu da su a gona. Wannan ilmin yana nan a kawunan mutane, kuma duk tsohon da aka kai makwanci da nasa kason yake tafiya.

Wajen tara kuɗi kuwa, muna da abin da ya fi liyafar tebur dacewa da mu. Akwai karo-karo, akwai 'yan gari mazauna Abuja da Legas da Kano da ba sa ƙin kiran gida, akwai zaurukan WhatsApp inda ake jera sunan kowa da abin da ya tura, wanda shi kansa wani irin bayyana gaskiya ne da ba a raina shi. Bayan girbi manomin da ba shi da tsabar kuɗi yana iya ba da buhun shanshera a yi gwanjonsa a wurin taro. Masu injinan casar shinkafa da dillalan taki, waɗanda arzikinsu daga wannan ƙasa da wannan ruwa yake fitowa, su ne na farko da ya kamata a ƙwanƙwasa wa ƙofa. Mai shago biyu a kasuwa yana iya yin waƙafin ɗaya, hayarsa ta riƙa biyan mai kula.

Rauninmu a wuri ɗaya yake, kuma kowa ya san shi: alkawarin lasifika. Mutum ya miƙe a gaban hakimi da manyan baƙi ya ambaci adadin da zai sa a yi kabbara, bayan sati biyu wayarsa ta daina shiga. A ƙaddara, don misali kawai, an sanar cewa an tara naira miliyan 20. Abin da ya shiga asusu miliyan 8 ne. An kashe miliyan 3 a kan rumfuna da kujeru da abinci da man motar baƙi. Abin da ke hannu miliyan 5 ne, amma gari duk ya ji 20, don haka idan aiki ya tsaya sai a fara zargin 'yan kwamiti da cin abin da bai taɓa zuwa hannunsu ba. Mutanen kirki da dama sun daina karɓar aikin kwamiti saboda wannan. Maganinsa shi ne abin da gidauniyoyin waje suke yi: a karɓa kafin taro, a ranar kuma a karanta abin da ya shiga kawai, alkawari a ajiye shi a wata takarda daban har sai ya cika.

Duk wanda aka nemi gudummawarsa, ko ta gidan tarihi ce ko ta wani abu, yana da haƙƙin ya yi tambaya, kuma tambaya ba rowa ba ce. Shin ƙungiyar tana da rajista da hukumar CAC, su wane ne amintattunta? Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa irin waɗannan ƙungiyoyi miƙa bayanansu duk shekara. Asusun da aka bayar da sunan ƙungiya yake ko da sunan mutum, kuma mutum nawa ne ke sa hannu kafin a cire? Nawa za a kashe a kan taron kansa? Nawa aka ware don shekara ta biyu da ta uku, bayan an watse? Idan gidan tarihi ne, a ƙara da wata: kayan da aka tara mallakar wa ne idan wanda ya kafa ya rasu ko ƙungiya ta mutu? Ya kamata amsar ta kasance a rubuce, ta ambaci makaranta ko jami'a ko masarauta, ba magada ba.

Ga mai haƙar rijiya, ko mai fasa dutse, ko manomin da garmarsa ta tono wani ƙashi mai nauyin dutse ko haƙorin da bai san na mece ce ba: kada a fasa shi don a ga cikinsa, kada a kankare shi, kada kuma a miƙa wa baƙon da ya zo da kuɗi a hannu. A ɗauki hotonsa a inda yake kwance, a ajiye wani abu kamar biro a gefensa don a gane girmansa, a rubuta sunan wurin da zurfin ramin da ranar. Sannan a sanar da mai gari, a kai hoton da bayanin ga malamin kimiyya na makaranta mafi kusa, ko ga sashen ilmin ƙasa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.